Koshiya Marar Ciki

Ni ne mutumin da ya tsaya a tsakar gida, da furfurarsa da komai, ya bugi ƙirji gaban mata ya ce kafin la'asar zai sa yarinyar da ba ta cin abinci ta buɗe baki ta sha kunu. La'asar ta yi ta wuce. Damina ma ta wuce. Sai da aka kai gero rumbu aka fara sanyi sannan abin da na ce zan yi a wuni guda ya yiwu, kuma ba ta hanyar da na tsara ba. To kun ji irin malamin da zai ba ku labari. Sunana Mani, masassaƙi ne ni. Bokona bai wuce aji uku ba, shi ɗin ma rabinsa a kan kanya na yi shi ina jifan 'yan ajinmu da ƙwallo.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuke cika min rumfa a Gwandu, kuna zaune a kan turamen da ban sayar ba kuna latsa waya. Kwanaki ɗayanku ya ɗauki koshiya daga kwandona ya jujjuya ta, ya ce wannan ai ko shi a ba shi wuƙa da guntun ice zai fitar da ita kafin shayi ya tafasa. Ban yi masa musu ba. Ni ma abin da na ce ke nan ranar da aka kawo ni daga Dalijan aka damƙa ni hannun Kawu Ummaru.

Aikin farko da Kawu ya ba ni ƙotar fartanya ce. Na shiga daji na zaɓo reshen marke miƙaƙƙe santal, na fere shi, na goge shi har yana ɗaukar ido. Manomin da ya kawo aikin ya sara sau biyu, kan ya tsage, ruwan fartanyar ya yi nasa wuri. Kawu bai dake ni ba. Cewa ya yi in ɗaure ta da igiya in je in yi wa mutumin noman gonarsa da ita. A gonar nan, bayan tafin hannuna ya yi kanta, na gane ƙota daga gwiwar reshe ake fitar da ita, inda ice ya lanƙwasa da kansa ya yi ƙulli. Miƙaƙƙen reshe kallo kawai ya iya ɗauka.

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Gatari na sara da faskare. Babban gizago na fitar da siffa, ƙarami mai lanƙwasasshen baki na ƙwaƙule ciki. Sai wuƙa, da magagari, da dutsen washi, da guntun fasasshiyar kwalba na kankarewar ƙarshe. Karatun yana wurin ice. Kirya ita ce ta turmi, don tana da nauyi kuma gara ba ta sonta. Marke na taɓarya da ƙota. Danya ta akushi. Aduwa ta allo da koshiya. Maɗaci da darbejiya ka yi kujera da su in kana so, amma kada ka yi abin da zai shiga baki. Na taɓa yi wa wata mai koko a Kambaza koshiyoyi da darbejiya saboda na ƙi wahalar neman aduwa. Masu sayen kokonta suka yi ta tofarwa suna cewa ta zuba magani. Ta biyo ni har bakin gari da muciya, ita ma muciyar ni na sassaƙa mata, kuma wannan kam na yi ta da kyau. Bayana shaida ne.

Koshiya a ƙarshen koyo take, ba a farkonsa ba. Sai da na yi shekaru ina turmi da akushi sannan Kawu ya yarda na taɓa ta. Ta farko da na gama na shafa ta da yatsa na ji sumul, na miƙa masa. Ya karɓa ya kai bakinsa, ya zagaya gefenta a kan leɓensa na ƙasa, ya ɓata fuska, ya jefa ta cikin itacen girki.

"Hannun masassaƙi maƙaryaci ne," ya ce. "Ya yi kanta, ba shi jin komi. Leɓe za ka tambaya."

Tun daga ranar ban taɓa sayar da koshiyar da ban gwada a leɓena ba. Tsinin da yatsa bai ji ba, leɓe zai ji. Ɗacin da hanci bai ji ba, harshe zai ji. In ta wuce wannan sai a wanke ta, a shafa mata man shanu ko man gyaɗa, a bar ta ta sha. A ɓoye muke yi, don mai saye ba ya son ya gani. Yau dai na tona: duk alhajin da ya sha fate da koshiyata a ƙasar Gwandu, ni na riga shi.

Shekarar da ta biyo bayan babbar ambaliya ita ta kusa raba ni da gizago. Ruwa ya cinye shinkafar fadama, gero ya ruɓe a tsaye. Wanda ba shi da abin daka ba ya sayen turmi. Aure ma aka yi ta ɗagewa, kuma kayan ɗakin amare su ne rabin cinikinmu. Ga cokulan roba an zubo kasuwa masu launi-launi. In ɗora kaya a babur ɗin haya in kai kasuwar Kalgo, in sake ɗoro su in dawo, har turamen suka san hanya. Uwar 'ya'yana ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yan kowa yana ta kansa. Da tuwona ya koma sau ɗaya a rana sai zumunci ya faɗo min a rai. Na tuna Inno, ɗiyar Kawu Ummaru, taubashiyata, tana zaune a Kalgo gidan ɗanta Bello mai gyaran babur. Na ɗauki buhun kayan aiki da ɗaurin aduwa na tafi gaisuwa.

Ta dube ni, ta dubi buhun.

"Wagga gaisuwa da gizago anka zo yin ta? Bello, share ma bawan ga zaure, ba yau za shi tahi ba."

"Ke ce baiwar," na ce. "Zuwa na yi in ga yadda kika kula min da gida."

A gidan nan na ga Luba, 'yar Bello da matarsa Kulu. Ba ta cika shekara biyu ba. Wata siririyar roba ta shiga ta hancinta ta sauka har ciki, an manne ta a kumatu da filasta. In lokacin abinci ya yi sai Kulu ta zuƙi tacaccen kunu da madara a sirinji, ta haɗa da bakin robar, ta tura a hankali. Yarinyar tana zaune tana wasa da marfin kwano cikinta yana cika, bakinta a rufe. Sanƙarau ne ya kwantar da ita tun tana rarrafe, ta tashi haɗiya ta gagare ta, aka sallamo su daga asibitin Birnin Kebbi da robar a kan za a cire in maƙogwaro ya yi ƙarfi.

Da ya fara ƙarfin sai aka yi ɓarnar. Wata rana Kulu ta shiga maƙwabta suna, Inno ta dubi jikarta ta yanke cewa robar nan ita ta hana ta jin yunwa. Ta ɓalle filastar, ta zare robar, ta yi mata ɗure. Ku na yanzu wataƙila ba ku san shi ba, ko da yake da shi aka raini rabinku. A kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a zuba kunu, a toshe masa hanci. In ya buɗe baki neman numfashi sai ya haɗiye. Haka Inno ta yi wa duk 'ya'yanta, haka aka yi mata, haka aka yi min. Ita Luba kunun ya bi hanyar numfashi. Zazzaɓi ya rufe ta, ƙirji ya ɗauka, aka koma asibiti da ita rai a hannun Allah. Ta dawo da sabuwar roba, kuma daga ranar ko ruwa ba ya wuce leɓenta.

Da na ji wannan tarihi ne na bugi ƙirjin. Na ce laifin cokalin ƙarfe ne, sanyi gare shi kuma yana bugun haƙori. Na zauna tun safe na fitar da koshiya wadda ban taɓa yin mai kyanta ba, mai zurfin ciki, na yi mata zanen wuta a mariƙi. Na cika ta da kunu na taho ina rangaji.

"Amarya, ga angonki ya kawo lehe. Buɗe baki."

Ta ga koshiyar ta nufo ta. Ta dantse baki, ta banƙare, ta tsala ihu, ba ta tsaya ba sai da ta amayar da duk abin da uwarta ta ɗura mata ta roba. Kulu ta ɗauki sirinji ta koma dama wani kunun. Inno ce ta ɗaga kai ta dubi rana.

"La'asar ta yi, Mani. Ko ta gobe kaka nuhi?"

Malama Saratu, nas ce a ƙaramin asibitin garin, gidanta yana bayan layinsu, takan biyo in ta taso aiki ta duba robar. Ran nan ta tarar da ni da koshiyata a hannu, aka ba ta labari. Ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga ta taho mata.

"Baba, maƙogwaronta ya warke, likita ya duba. Tsoro ne ya rage. Tun da ta yi wayo ba a taɓa sa mata abu a baki ta ji daɗi ba."

"To a bar ta da yunwa wuni guda mana. Da kanta za ta nema."

"Ɗan akuya kake faɗa. Wannan ba ta san baki da yunwa suna da dangantaka ba. Ita ta hanci take ƙoshi. In ka bar ta da yunwa ramewa kawai za ta yi."

Ta kafa mana doka. Kada kowa ya sake nufar bakinta da komai. A zaunar da ita da bayanta a miƙe a inda ake cin abinci, a ajiye mata nata kwanon, ta dama hannu a ciki, ta shafa a kai in ta ga dama. In ta kau da fuska, magana ta ƙare. Na ce wannan ai ɓarnar abinci ce a shekarar yunwa. Ta ce abin da baƙo yake ci a gidan ya fi wanda Luba za ta zubar. 

Wasu koshiyoyi nake yi na kaiwa kasuwa ranar da abin ya fara. Kulu tana da ƙaramin ciki ga aikin gida, sai takan shimfiɗa wa Luba tabarma a bakin zaure inda nake aiki. Na kawar da masu kaifi, na bar ta da ɓarɓashin ice tana tarawa tana watsarwa. Ni kuwa da ban ɗauke ta mai saye ba, ban ɓoye mata komai ba. In na gama koshiya in kai leɓe, in zagaya, in ɓata fuska in jefar, ko in gyaɗa kai in sa a kwando. Ashe kallona take yi. Ina cikin kankara sai na ga ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na jefar. Ta kai bakinta. Ta zagaya gefen a kan leɓenta na ƙasa. Ta ɓata fuska irin tawa sak, ta wurgar.

Saura kaɗan in yi kabbara. Na dai danne, na yafito Kulu da hannu, ta laɓe ta gani da idonta.

Da Malama Saratu ta ji sai ta ce, "Kada wanda ya yi mata guɗa. Ku yi kamar ba ku gani ba. Sannan Baba, wadda ta shiga bakinka kada ta shiga nata. Da goron nan naka."

Daga nan aka ware wa Luba nata kwandon. In gwada, a wanke da tafasasshen ruwa, a shanya a rana, sannan ta gwada. Ta zama alƙaliyar koshiya. Wasu ta yarda da su, wasu ta jefar, kuma wallahi sau da yawa in na sake dubawa sai in tarar da gaskiyarta.

Koshiyar da ta fi ba ni wahala a rayuwata ita ce wadda Malama Saratu ta sa ni. Ta ɗauki tawa mai zanen wuta ta ce cikin ya yi zurfi. Leɓen yaro ba ya iya kwashe abin da ke cikin rami, dole sai an ɗaga an zuba masa, zubawar kuwa ita ce abin da Luba take tsoro. A yi mata mai faɗin yatsunta biyu, kusan shimfiɗaɗɗiya, mariƙin gajere mai kauri yadda za ta damƙe da kanta. Ba zane, don datti yana maƙalewa a ciki. Ba babbaka, don ɗanɗanon gawayi.

"Malama, koshiya marar ciki ai muciya ce."

"To yi mata muciyar."

Da Kawu yana raye da ya tsine wa aikin. Kuma ku da kuke ganin sauƙi, ku sani rami yana ɓoye laifi, shimfiɗa ba ta ɓoyewa. Aduwa in ta yi siriri ka saɓa wa jijiyarta kaɗan sai ta dare. Gefen kuma in ya yi kauri ba zai shiga tsakanin leɓe ba, in ya yi kaifi zai yanka. Na ajiye gizago na koma wuƙa da kwalba. Na ɓata ice mai yawa, Inno tana kwashewa tana hura wuta tana yi min godiya. Wadda ta fito daga ƙarshe ba wanda zai dube ta sau biyu a kasuwa. Luba ta zagaya ta a leɓe, ba ta jefar ba, ta sa a baki tana tauna.

Abu na farko da harshenta ya ɗanɗana man shanun da na shafa wa icen ne. Daga nan Malama ta ce a riƙa tsoma bakin koshiyar a kunun gyaɗa mai kauri, shafe kawai ba ɗiba ba, kuma kafin a ba ta na roba, lokacin da cikin yake wayam. Mai ruwa-ruwa gudu yake yi ya sarƙe yaro, mai kauri tafiya yake a hankali. In ta yi tari ko muryarta ta jiƙe a tsaya. Ni da kwanona, ita da nata, ni ina ci tana kallo, ita tana lasa ina kallon bango. Kunun gyaɗa, dafaffen dankali, ayaba da aka murje, duk sai an zuba min nawa don ta gani. A nan dai ban yi asara ba.

"An ce a yi jinyar ɗiya," in ji Inno, "ga ƙato ya aje tumbi."

Daga bayan zana take wannan maganar. Duk abincin nan ita take dafawa, ita take tacewa, ita take wanke koshiyoyin, amma ba ta isowa da shi. Luba in ta hango ta da wani abu a hannu, ko da ƙwaryar wanke-wanke ce, sai ihu. Ba wanda ya kori Inno. Bello ba zai iya ba, Kulu kuwa ko ido ba ta haɗawa da ita. Ita ta kai kanta bayan zanan da ya kare madafa, in lokacin ci ya yi ta zauna can da faifai tana tsintar wake. Waken nan ya sha tsinta. Ta yi wa zanan 'yar ƙofa da yatsa daidai idonta.

Ranar da na ɓata aikin, Luba ta lashi kunu ta sake lasa, har ta bari na riƙe mata mariƙin. Na ga kasuwa ta buɗe. Na ɗebo da tozo. Ta kau da fuska, na bi ta. Ta sake kauwa, na sake bi, na ce ɗaya dai amarya, na tura tsakanin leɓenta. Ta shaƙe, ta yi tari, ta yi amai. Washegari aka shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure ta ƙi zama. Kwandonta ko kallo bai ishe ta ba. Muka koma inda muka fara, har da ƙari, don yanzu ni ma in ta gan ni sai ta ɓoye fuska a zanen uwarta.

"Ɗure ka yi mata, Baba," in ji Malama Saratu. "Naka dai da koshiya ne."

Na jira baƙar maganar Inno, ba ta zo ba. Da lokacin ci ya yi sai na ji ta daga bayan zana.

"Mani, zagayo. Akwai wuri. Nan anka aje irinmu."

Na zagaya. Ta matsa min, muka riƙa karɓa-karɓa da ƙofar zanan.

Abin da ya biyo baya aikin Kulu ne, ba nawa ba, kada in ci haƙƙinta. Ita ta zauna da yarinyar safe da rana da yamma, da cikinta yana girma, ta ajiye kwano ta ɗauke shi yadda ta ajiye, ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ni nawa shi ne na koma zaure na ci gaba da sassaƙa kamar ban san da wata Luba a duniya ba. Da ta ga ba na kallonta ta dawo da kanta, don a ganinta ba a sa koshiya a kwando sai da izininta. Sannu a hankali lasa ta zama haɗiya. Tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ya shiga, don santsinsa. Kifin da aka tsince wa ƙaya ya shiga. Malama tana ɗora ta a sikeli, tana magana da likita, ana rage na roba ana ƙara na baki. Bayan girbi aka zare robar, aka ce gwaji ne. Inda filasta take a kumatunta ya yi fari kamar an goge allo.

Ba a jima ba naƙuda ta zo wa Kulu da gardama. Aka wuce da ita Birnin Kebbi aka yi mata aiki, aka ce sai ta yi kwanaki a can. Luba ta tashi ta nemi uwarta ba ta gani ba, ta rufe baki. Na kawo kwanona na zauna na ci na lashe, ko a jikinta. Bello ya dawo daga asibiti ya lallashe ta, ta juya masa ƙeya. Wuni ya tafi da 'yar kurɓar ruwa. Na biyu ma haka. Malama Saratu ta duba idonta, ta ja fatar cikinta, ta tambayi fitsari. Ta buɗe jaka ta nuna mana sabuwar roba a cikin leda.

"Gobe da hantsi zan biyo. In ba ta ci ba zan mayar. Ba na wasa da ƙarewar ruwa a jikin yaro."

Bello ya ce in an mayar sai yaushe kuma. Ta ce wannan ba ta sani ba, don sa robar ma kanta azaba ce, kuma yarinyar za ta riƙe.

Da safe na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ajiye kunun gyaɗa da koshiyarta. Tana zaune a jikin bango tana kallon ƙofa. Rana tana ta hawa. Sai ga Inno ta fito daga bayan zana, hannayenta biyu a baya, ta naɗe su da gyale. Luba ta zuba mata ido, tana shirin ihu. Inno ba ta dube ta ba. Ta je can ƙarshen tabarmar ta kwanta rigingine a kan hannayen nata, tsohuwa mai ciwon baya.

"Wayyo ni Inno, yunwa nika ji. Garin ga ba mai ba ni?"

Ta wangale baki. Na ɗauka da ni take, na kai hannu ga kwanon.

"Ba kai ba, bawa. Kau da hannunka."

Ta zauna a haka, baki a buɗe, ƙuda yana zagayawa. Har na fara tunanin muƙamuƙinta zai riƙe. Luba ta taso daga jikin bango. Ta tsaya. Ta matso ta ɗauki koshiyar, ta tsoma, ta zo kan kakarta ta durƙusa. Sai ta sa hannun hagu ta toshe wa Inno hanci, ta tura kunun.

 Inno ta shaƙe, ta yi tari, idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye. Ta sake buɗe baki. Luba ta sake tsomawa, ta sake toshe hancin, ta sake turawa. Ta uku sai ta tsaya ta dubi koshiyar, ta kai leɓenta kamar yadda take yi wa kowace, ta lashe. Daga nan ta raba: ɗaya Inno, ɗaya ita. In ta ba Inno sai ta toshe hanci, in ta ba kanta sai ta bar nata.

Malama Saratu ta shigo ta tarar da kwano ya yi rabi, wuyan Inno da kunnenta duk kunu. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon maƙogwaron yarinyar yana hawa yana sauka. Ta sa na ajiye kofin ruwa kusa da ita, Luba ta ɗauka ta sha, ta ɗura wa Inno sauran a hanci. Malama ta ce za ta dawo da yamma ta sake dubawa. Ta dawo, ta duba, jakar ba ta buɗu ba. Haka aka yi ta ciyar da Inno har Kulu ta dawo da jaririnta.

Gaskiya ɗaya ce, sai in faɗa: akwai wata maƙwabciyarsu da take yi wa ɗanta ɗure kullum a gaban kowa, kuma Luba tana gani ta katanga. Mai yiwuwa can ta koya. Ban sani ba.

Yanzu tana makaranta. Da hannu take cin tuwo, kuma in ba a yi hankali ba har na maƙwabta. In an ba ta cokali na roba take zaɓa, ja. Mata sukan zo rumfata daga Dangoma har da gaba suna neman koshiya marar ciki, wai an ce tana buɗe bakin yaro. Nakan sassaƙa musu, don ban ƙi ciniki ba, amma nakan ce koshiya ice ce, su fara zuwa asibiti a duba maƙogwaro, kuma in yaro ya kau da fuska su kau da hannu. Wasu suna ji.

Da kasuwa ta dawo aka fara neman turmi, na ɗaure buhuna zan koma Gwandu. Inno ta rako ni har ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Na shirya za ta ce in biya kuɗin tuwo, na tanadi amsa. Sai ta jira mai babur ya gama ɗaure kaya, ta rage murya ta yi min tambayar da har ta koma ga Allah ban ba ta amsarta ba.

"Mani, kai ka zauna da ita, kai ka san bakinta. Ran nan da ta toshe min hanci, ramawa ta yi, ko ciyad da ni ta yi?"